Neman kalma: me za mu kira "eye relief" da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Muna rubuta 'yar takardar bayani don samarin da ke fita duban wata a nan Sakkwato, kan na'urar hangen nesa da ake kafawa bisa ƙafa uku, irin ta masu kallon tsuntsaye a bakin tafkin Kware. Kalma biyu suka tsaya mana. Ta farko, ɗan gilashin da ake sa ido a kansa. Ta biyu, abin da ake rubutawa a kwali, "eye relief", da lamba a milimita: iya nisan da ido zai ja baya daga gilashin ya ci gaba da ganin fili gaba ɗaya. Mai tabarau abin ya fi shafa, don tabarau na tokare idonsa da wajen milimita 12 zuwa 14. In na'urar ba ta ba shi 16 zuwa 20 ba, 'yar da'ira kawai zai gani a tsakiya, gefe duk duhu, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Wani ya ba mu "sauƙin ido", ban gamsu ba.

Wani dattijo: Malam, wanga "sauƙin ido" kar ka kai shi ko'ina. Duk wanda ya ji, maganin ɗigawa zai zata. Ta hwarko kau ba wuya: maleƙi. Ba mun ce mabuɗi da magirbi ba?

Malamar kimiyya: Baba ya gama magana kan maleƙi. Ɗayar kuma awo ce, sai a ba ta sunan awo. Ni "tazarar ido" nake gaya wa ɗalibaina.

Mai gyaran tabarau: Hajiya, a yi mini uzuri. A sana'armu, in aka ce tazarar ido, nisan da ke tsakanin ƙwayoyin ido biyu muke aunawa, wajen milimita 63 ga babban mutum. Wanda ya taɓa yin tabarau zai ga 18 a kwali ya rasa gane kanta. A ce "tazarar leƙe", tunda daga inda kake leƙawa ake aunawa.

Malam, ka ƙara musu wannan a takardar. Maleƙi mai juyawa, mai ƙara girman abu daga ninki 20 zuwa 60, yana da daɗi, amma tazarar leƙensa ba ta tsayawa wuri ɗaya, sau da yawa tana raguwa in ka ƙara jawo abu kusa, alhali mafi tsawonta masu sayarwa ke so ka gani a kwali. Mai saye ya gwada da tabaransa a fuska, ya murza tun daga 20 har 60. Maleƙi mai ninki 30 tsayayye galibi ya fi yi wa mai tabarau adalci. Ninki 60 ɗin ma, da zafin Afrilu ko hazon hunturu, rawar iska da ƙura kawai yake ƙara maka girmansu.

Wani matashi: Yaya, ba sai mutum ya cire tabaran ba kawai?

Mai gyaran tabarau: In matsalarka gani nesa ce ko kusa, cire, ka murza saiti, ya wadatar. Amma wanda gaban idonsa bai lanƙwasa daidai ba, saiti ba ya gyara masa, jinjirin wata zai fito masa a jirwaye. Dole ya bar tabaransa, ya murza zoben robar da ke bakin maleƙi ya koma ƙasa. Da yawa suna barinsa a sama, su ce na'ura ce ba ta da kyau.

Malamar kimiyya: Na janye tawa. Sai dai "rata" ta fi gajarta, ratar leƙe.

Wani dattijo: Rata, wanda ya wuce ka a tsere shi ka ba ka ita, ɗiyata. A bar tazara.

Mai tambaya: Madalla, mun rubuta maleƙi da tazarar leƙe. Zoben robar nan ma ba shi da suna, mai shawara ya kawo kafin mu kai wa mai buga takarda ranar Asabar.