Mijina ya riga mahaifinsa rasuwa, ina makomar gidan da muke ciki?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara, barci ya ƙaurace min. Maigidana ya rasu shekara uku ke nan, hatsarin mota a hanyar Zariya, ya bar ni da yara huɗu. Gidan da muke ciki a Hotoro filin Baba ne, surukina, amma marigayi ne ya gina, har 'yan kunnena na zinare na sayar aka yi rufi. Baba yana nan da ransa, sai dai ciwon suga ya ci ƙarfinsa, kuma ya sha faɗa a gabana cewa gidan na marayu ne. Ranar sunan 'yar ƙanin mijina na ji amaryar Baba tana cewa jika ba ya cin gado. Ban tanka ba, na yafa mayafina na fito. Ni ban taɓa ɗaga wa kowa murya a gidan nan ba, ko da ƙaninsa ya ɗauke babur ɗin marigayi shiru na yi. Da gaske yarana ba su da komai?

Baban Yusra: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙansa. Maganarta da ɗaci amma haka take: muddin Baba ya bar ɗa namiji, ya katange jikoki. Sai dai tunda ba magada ba ne, wasiyya ta halatta a gare su, iyakarta sulusin dukiya, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas. Ko ya ba su kyauta tun yanzu, amma a Malikiyya sai da hauzi, wato a karɓa a hannu kafin ya kwanta ciwon ajali. Takardar filin sunan wa ke jiki?

Anti Larai: Hmm, 'yar uwa, maganar baki! Mahaifinmu ma a gaban kowa ya ce shagon kasuwa nawa ne. Ana sadakar uku yayyena suka ce ba su ji ba. Shekara shida muna zaryar kotu, yanzu ko gaisuwar Sallah ba ma yi.

Abban Sadiq: Ni a ganina waƙafi ya fi. Baba ya tsayar da gidan ga jikokin, ba a sayarwa, ba a gadonsa, ba mai taɓa su. Kuma ginin ai na marigayi ne, ya kamata a ƙiyasta shi cikin gadonsa, ke ma kina da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas.

Baban Yusra: Malam, waƙafin ma sai da hauzi, kuma ka ɗaure yara da gidan da ba za su iya sayarwa ba ko karatu ya taso. Batun gini kuwa, ina rasit ɗin siminti? In aka buɗe wannan babin, Baba da kansa yana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, a dukiyar ɗansa. A rubuta kyauta, shaidu biyu adalai, a je wajen lauya, don filin da ke da takardar mallaka sauya sunansa sai da amincewar gwamna tun dokar filaye ta 1978.

Maman Khalifa: Na gode, amma ku fahimce ni. Da wane bakin zan tunkari surukina da zancen wasiyya yana kwance? Sai a ce mutuwarsa nake jira. Kuma Baba ba ya magana biyu, ku ba ku san shi ba ne.

Anti Larai: Namu ma ba ya magana biyu.

Baban Yusra: Ba ke za ki je ba, ki tura yayanki ko limamin unguwa. Har yanzu ba ki ce sunan wa ke kan takardar ba.

Maman Khalifa: Yayana ba ya shiga harkar gidan miji. Zan dai ci gaba da addu'a, in Baba ya ji sauƙi na gani.

Ummu Hanan: Don Allah tunda ana kan maganar, wanda aka rubuta sunansa a banki a matsayin makusanci, shi ke cinye kuɗin ko rabawa ake?