Karatu ta WhatsApp: shawarwarin ɗaliban jami'ar Yamai

Ɗalibai da malaman Jami'ar Abdu Mumuni da suka tattauna sun fi yarda da WhatsApp kan Facebook wajen karatu, amma da sharaɗi. Kowane darasi a buɗe masa rukuni biyu: ɗaya shugaban aji kaɗai ke turawa, ɗaya na tambayoyi. In an haɗa su, gaisuwar Juma'a kan binne jadawalin jarrabawa.

A kashe saukar bidiyo da kansa, shi ke cinye kuɗin intanet. Darasi a tura shi PDF, don hoton allo yakan dushe, lissafi ya ɓace. Manyan littattafai kuwa Telegram ya fi, tunda sabon shiga ma yana iya samun tsofaffin fayiloli. Amsar da ba ta bi ta hannun malam ba, a gwada ta da takardar darasi tukuna.