Musayar waƙa: wace hikaya ce ta hana ku barci?

Ƴar Mokoyo

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Na kammala wani littafin soyayya da marubuciyarsa ke sakewa babi-babi a WhatsApp, kuma duk da cewa alƙalaminta ya burge ni, musamman inda yarinyar ke tuna mahaifiyarta a daren da aka kai ta ɗaki, ƙarshensa ya tsaya mini a rai. Mijin ya cire ta daga lakkwal, ya wulaƙanta ta tsawon littafin, sannan aka wanke shi a shafi guda. Ga abin da na ce, mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Ya ba ni basira a zancen hikaya.

Hikaya ta so ce a kan ƴar mutane,
Maraici ta sha, har ta zamto amarya.

Mijin mai kuɗi ne, gidan na Abuja,
Ya ba ta baƙin rai, ya ba ta ƙiyayya.

Da mari da zagi da horo da yunwa,
Ta ɗauka ta shanye da sunan biyayya.

Sa'an nan da mota ta karya ƙafarsa,
Da kowa ya watse, ta zauna da jinya.

Ya zubda hawaye a shafi guda ɗai,
Ta yafe, ta mance abin can na baya.

Ina ne nadama? Ina maida haƙƙi?
Idan babu su, to, hawayen na ƙarya.

Ɗan Gulbi

Wa alaikumus salam, Yaya. Wanda ya biya dala ɗari domin a saka shi rukunin marubuciya ya riga ya san hajar da ake sayarwa a can. Ni wanda na karanta na bincike ne, kuma bai ɓata mini dare a banza ba.

Ki share hawaye, ki huta, ya Yaya,
Irin wanga kuka da kanki kika saya.

A kullum mijin mai kuɗi ne da mota,
A kullum akwai kishiya mai ƙiyayya.

Na bin diddigi ni nake yin karatu,
Kisan wani falke a can bisa hanya.

A kama ƙanensa, a ɗaure direba,
Ashe mai rubutun kuɗi ne da ƙarya.

A babi na farko alama ta gifta,
Ana gane wannan idan an yi baya.

Irin wanga shi ke ta wasa ƙwaƙwalwa,
Na so kam a bar shi ga masu biyayya.

Ƴar Bagalam

Allah ya ƙara wa Yaya basira, domin baiti na bakwai kaɗai ya fi duk abin da aka zo da shi a bayansa. Kai kuma Ɗan Gulbi, ga taka.

Kana son kisan kai a shafin takarda,
Idan an yi ihu ka ruga ka ɓuya.

Gwana ta yi zancen azabar gidaje,
Ka amsa da wasa, ina taka kunya?

Na Tibiri

Ku yi haƙuri da ni, ban bi karinku ba, domin na tashi da waƙar baka ne kuma da ita kunnena ya saba. Littafin da na gama na yaƙi ne da aljanu, irin waɗanda ake kawowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma na ji daɗinsa ƙwarai, sai dai ina da ƙorafi guda.

Ni nawa na jarumi ne mai takobi,
Ya ratsa daji bakwai a kan ingarma,
Domin ya ƙwato zobe a hannun aljani.

Na ji daɗin karonsa da babban matsafi,
Inda ƙarfe ya gaza, dabara ta tsaya,
Ya kada shi da ilmi, babu zub da jini.

Amma garin Misra ne, wani Bagadaza,
Sarki da waziri duk baƙi ne gare mu,
Sai ka ce a ƙasarmu babu tsohon birni.

Ina Alkalawa, ina Bawa Jan Gwarzo?
Ina dawakin Ɗan Baskore na Maradi?
Marubuta, ku waiwayo gida da tunani.

Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Gobirawa suka yi ta yawo da sarautarsu har suka kafa Tibiri a 1836, kuma tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai gudun hijira da cin amana da zaman ɗoki da za su cika littafi goma. Ɗan Gulbi, idan bin diddigi kake so, ga wanda ya faru a ƙasar Tasawa a 1899: Kanar Klobb na Faransa ya biyo sawun hafsoshin sojan Faransa Voulet da Chanoine ta garuruwan da suka ƙone tun daga yamma, ya cim musu a Dankori suka harbe shi, bayan ƴan kwanaki kuma sojojinsu suka juya musu suka kashe su a wajen Maijirgi. Ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta sa aka tayar da garin Maradi daga fadama zuwa tudu, ita ma tana jiran mai alƙalami. Tun da a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ina ganin lokaci ya yi da za mu karanta kanmu a cikin littafi.

Malam na Limanci

Na karanta baitocin kowa, kuma kafin zance ya yi nisa dole in yi gyara guda. Ƴar Mokoyo ta ɗora waƙarta a kan karin Mutaƙarab, wanda kowace ƙafarsa gaɓa ɗaya ce marar nauyi sai biyu masu nauyi, ƙafa huɗu a ɗango, ko da yake an yarda gaɓa ta uku ta yi sauƙi a tsakiyar ɗango. Ɗan Gulbi ya karɓi karin da amsa-amon, wanda hakan ladabin musaya ne, amma ɗangonsa na biyu ya karye. "Irin wanga kuka da kanki" ya tafi daidai, sai "kika saya" ta zo da gaɓa huɗu a gurbin uku, kuma ukun farko duk marasa nauyi ne. Ɗana, wanda ya shiga karin wani domin ya kada shi, wajibi ne ya riƙe karin har ƙarshe. Baitocin Na Tibiri kuwa ban sami ma'aunin da zan ɗora su a kai ba.

Ɗan Gulbi

Allah ya gafarta Malam, na rera ɗangon sau da yawa kuma bakina bai yi tuntuɓe ba, saboda haka yana nan yadda yake.

A gafarta Malam, hikaya muke yi,
Ka zo da ma'auni, ka kauce wa hanya.

Faɗa mana wanne ka duba da kanka,
Idan babu, zauna ka saurari Yaya.

Na Tibiri

Malam, da girmanka, ban yarda da hukuncin ba. Halilu ɗan Ahmad ya tsara aruli, wato ilmin awon waƙa, a Basra ne bisa waƙar Larabawa, ya fitar da bahar, wato kari, 15, daga baya aka ƙara Mutadarik suka zama 16. Makaɗan fada masu taushi da kotso, da mata masu daɓe da niƙa, ba su san fa'ulun, wato ƙafar Mutaƙarab, ba, amma ba a taɓa jin amshinsu ya faɗi a wajen kiɗa ba, domin mai rerawa yana iya haɗiye gaɓa biyu marasa nauyi a bugu ɗaya. Abin da Ɗan Gulbi ya yi ke nan, kuma kunne ya karɓa. Wanda ya ce nawa ba su da ma'auni ya zo in rera masa.

Ƴar Bagalam

Malam ya yi gaskiya, ɗangon ya karye, kuma ba shi kaɗai ba ne ya karye, hujjar ma ta karye. Na Tibiri yana kare shi ne kawai domin dukansu maza ne masu gudun littafin soyayya.

Malam na Limanci

Na Tibiri, ban musa cewa waƙar baka tana da awonta ba, amma wannan rubutacciya ce, mai karanta ta a salula ba ya jin ganga, gaɓoɓin da ke gabansa su ne kiɗansa. Ɗana kuma ya tambayi abin da na karanta. Na koma ne ga ƙananan littattafan nan da suka fito daga gasar rubuta littattafan Hausa da aka yi a Zariya a 1933, kuma abin da na lura da shi shi ne gajeru ne ƙwarai, amma duk abin da suka ɗauko a farko sai sun sauke shi a ƙarshe. Na yau wani ya kai babi ɗari, sannan a naɗe shi a gaggauce domin masu biya sun gaji.

Ma'auni ya sa har kake rera baiti,
Idan ka yi wasa da shi, ka ji kunya.

Hikaya da waƙa awo ke riƙe su,
Abin gaba tilas ya dace da baya.

Na Tibiri

To ai mun zo wuri ɗaya a kan littafi, saura a kan kari, kuma a can ban sauka ba. Mai karatu Bahaushe yana rerawa a zuci ko da bai buɗe baki ba.

Inna ta Maradawa

Kun cika wurin da gardamar gaɓa har maganar ɗiyata ta nutse. Ni idona ba ya jure ƙaramin rubutu, sauraro nake yi a YouTube idan na gama aikin gida, kuma littafin da take nufi na saurare shi har ƙarshe. Ban iya awonku ba, Malam ya kawar da kai.

Ɗiyata, ki ji ni, na san mai irin ta,
Ta zauna da jinya saboda zuriya.

Idan ta fita, ƴaƴan ina za su kwana?
Gidan uba babu, kawu ya juya baya.

Ba so ne ya sa ta yafe ba, ki gane,
Rashin wurin zuwa ne, wannan ce gaskiya.

Marubuciyar ba ta yi ƙarya ba ko kaɗan,
Abin da ta gani ta rubuta a duniya.

Ƴar Mokoyo

Ku gafarce ni da jinkiri, aiki ne ya riƙe ni, na dawo na tarar an yi nisa. Zan fara da ƙanena, domin ya ce littafin soyayya ba ya wasa ƙwaƙwalwa. Na nemi wanda ya yaba na karanta, kuma na yarda an ɓoye mai laifin da gwaninta, tun daga littafin bashi da aka nuna a babi na farko. Sai dai falken nan yana da mata da uwa da ƴaƴa, kuma daga ranar jana'iza ba a sake jin bakin ɗayansu ba, har aka rufe littafin ba a faɗa mana wanda ya ciyar da mai takaba ba.

Ƙanena, ka ce naka ke wasa kwanya,
Ina ne iyalin mutum a hikaya?

Mutum ya mace, kai kana ƙirga shaida,
Uwa ta yi kuka, kana ba ta baya.

Ka kuma sani cewa da yawa daga cikinmu da muka yi lakkwal da Faransanci, a waɗannan littattafan da kake rainawa muka koyi karanta Hausar boko, muna karɓar aro hannu da hannu tun ana kawo su a takarda daga Kano. Yarinya takan fara karanta su tun kafin a yi mata maganar aure, kuma a cikinsu take fara ganin yadda zaman gidan miji yake. Wannan ne ya sa ƙarshensu ya dame ni fiye da yadda ƙarshen naka zai dame ka.

Inna, Allah ya ƙara girma, maganarki ta fi ta kowa nauyi a nan, kuma ban musa ko kalma ɗaya daga abin da kika gani da idonki ba. Inda muka rabu shi ne marubuciyar ba ta rubuta abin da kika faɗa ba. Da ta nuna mana mace tana lissafin inda za ta kai ƴaƴanta, ta duba gidan kawu ta ga a rufe, sannan ta zauna, da na ce ta faɗi gaskiya mai ɗaci. Abin da ta yi shi ne ta sa yarinyar ta ce tun ranar da ya fara marinta take ƙaunarsa, aka bi da tafiya Dubai da sabuwar mota, aka ce wannan ne sakamakon haƙuri. Ƙanwata mai shekara goma sha biyar ta karanta wannan shafin a wayata, ta ce mini ya yi daɗi.

Batun Inna na nan, da tilas ta zauna,
A ce mana tilas, a kauce wa ƙarya.

Ya je gun waliyyi, ya duƙa ya roƙa,
Ya maishe ta lakkwal, ya sa ta a hanya.

A bar ta ta zaɓa, ta zauna, ta tashi,
Sa'an nan na yarda da ƙarshen hikaya.

Malam, a auna mini waɗannan baitoci biyar kamar yadda aka auna na ƙanena, kada a ce an yi son kai. Na Tibiri, ambaliyar 1945 ta fi Bagadaza kusa da kai, kuma har yanzu akwai tsofaffi a Maradawa da Limanci da suka ji labarinta daga bakin iyayensu, sai ka fara tambayarsu. Ɗan Gulbi, ina jiran amsarka a kan mai takabar nan, kuma a cikin Mutaƙarab nake son ta.