Godiyar Kaka a Majami'unmu na Zariya: Ina Kayan Suke Ƙarewa?

Magatakardan kwamiti, Tudun Wada

Ina gaishe ku iyaye da 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Dattawan ikilisiyarmu sun ɗora mini nauyin rubuta tsarin godiyar kaka ta bana, wadda muke sa ran yi a ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da dawa ta isa yanka, amma a zaman kwamiti ra'ayi ya rabu gida biyu. Wasu suna so a daina kawo kayan gona, kowane gida ya karɓi ambulan, tunda yawancinmu yanzu ma'aikata ne da 'yan kasuwa. Wasu kuwa sun ce muddin babu dami a gaban bagade, to, baikon Lahadi ne kawai aka sake wa suna. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a majami'arsa: me ake kawowa, wa yake karɓa, kuma ina kayan suke ƙarewa bayan an tashi daga sujada.

Wata uwa daga Wusasa

Ɗana, sannu da ɗawainiya. Ni a Wusasa aka haife ni, a nan kuma na tsufa. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka biyo mishan sa'ad da ta tashi daga cikin birnin Zariya ta dawo kusa da dutsen Kufena a 1929, aka gina tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausa. Da yake Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, bayan doguwar wahalar fassara da Likita Miller, Baturen mishan ɗin, ya sha tare da abokan aikinsa, iyayenmu da harshensu suka karanta zancen nunan fari a Kubawar Shari'a sura 26, kuma bai zo musu a baƙon abu ba, gama manomin ƙasar nan ya riga ya san fitar da dami ɗaya cikin goma kafin ya rufe rumbu.

Da muna yara, tun ranar Asabar da yamma samari suke ɗaure rake da ganyen ayaba a bakin ƙofa. Da safiyar Lahadi sai a shiga ƙungiya-ƙungiya. Maza su fara, kowa da damin dawa ko na gero a ka, har sai sun sunkuya kafin su wuce ƙofa. Sa'an nan matan Zumunta cikin anko, ana buga tulu ana kaɗa caki, kowace da ƙwaryarta cike da gyaɗa, wake, barkono ko busasshiyar kuɓewa. Mu yara ƙwai ake ba mu a ƙoƙo, mahaifiyata tana bina a baya tana cewa in kalli gabana. Kajin da aka ɗaure wa ƙafafu sukan yi ta kuka a tsakiyar wa'azi, ba wanda ya damu.

Amma abin da nake so ka riƙe, ɗana, ya fi wannan shagalin nauyi. Hatsin nan ba a taɓa shi a lokacin kaka, domin a lokacin kowa yana da abinci. Ana zuba shi a rumbu, a rufe, sai watan Yuli ko Agusta, sa'ad da na gida ya ƙare, gero kuma bai nuna ba, sa'an nan a buɗe. Shekarar da mahaifinmu ya kwanta ciwo damina guda, da wannan hatsin muka ci tuwo har sabon gero ya shigo. Da dare aka kawo mana, mata biyu ne suka sauke a bayan ɗakin girki, suka gaishe da mahaifiyata suka tafi, kuma maƙwabtanmu ba su taɓa sanin an kawo ba.

Wani malami daga Samaru

Mama, na gode da wannan tarihi. Ni ɗan albashi ne, ko kadada ɗaya ba ni da ita, kuma a majami'armu akasarin masu sujada ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello ne da ɗalibai, waɗanda kakarsu ita ce ƙarshen wata. Ba na ganin ambulan ya gaza dami daraja, domin gumi ne ya kawo su duka biyun. Inda muka sami gyara shi ne wajen abin da ake yi da kuɗin. A da yakan shige asusun ikilisiya gaba ɗaya, ya narke cikin kuɗin wuta da man janareta. Daga baya muka amince a ware kashi guda, a aiki mutum biyu kasuwar Giwa a makon da ya biyo, su sayi masara da wake tun suna da araha, a ajiye. Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabo, wannan ajiyar ce ta riƙe ɗalibai da dama waɗanda kuɗin gida ya yanke musu ana tsakiyar jarrabawa.

Wata gwauruwa

Ina neman gafarar iyayena, zan faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai, kuma ba zan ambaci majami'ar ba, domin har gobe gidana ce. Tun da maigidana ya rasu, ƙosai nake soyawa a bakin titi, da shi nake riƙe yara huɗu. Wata shekara na yi tanadi tun daga damina, na sayi mudu biyu na gyaɗa, na haɗa da kaza guda da na kiwata da hannuna, na kai gaban bagade da farin ciki. Bayan sujada aka fara gwanjo. Mai riƙe da lasifika ya ɗaga buhun shinkafar wani babban mutum, ya kira sunansa da muƙaminsa, aka yi ta tafi. Da aka zo kan kazata sai ya ɗaga ta ta ƙafafu, ya ce wannan ko miyar mutum ɗaya ba za ta yi ba, jama'a suka yi dariya. Na san raha yake yi, bai ma san ta wace ce ba, amma 'yata ta fari tana zaune kusa da ni, ita ce kuwa take ba kazar dusa kowace safiya. Shekara ta gaba ta ce mini ba za ta je ba.

Kowa ya san labarin gwauruwar nan mai anini biyu a Markus sura 12, ana ma karanta shi a ranar, sai kuma a juya a kira sunayen masu yawa da adadin abin da suka bayar. Roƙona ga kwamitinku, ɗan'uwana, ko dami kuka zaɓa ko ambulan, kada a kira suna, kada kuma a faɗi adadi. Akwai mata da yawa irina da suke zama a gida ranar godiyar kaka, su ce zazzaɓi ne.

Ma'ajin wata majami'a a Sabon Gari

'Yar'uwa, abin da aka yi miki bai kyautu ba, Allah ya sanyaya miki zuciya. Duk da haka zan yi wa gwanjo adalci, domin na daɗe ina riƙe da littafin kuɗi. Ba duk abin da ake kawowa ne yake ajiyuwa ba. Tumatir, ayaba, rake da ɗanyen barkono ba sa kai mako, kaji da awaki kuma suna bukatar mai kiwo, saboda haka dole a sayar da su a ranar. Kuma a wurinmu, inda Hausawa, Yarbawa, Ibo da 'yan kudancin Kaduna suke sujada tare, mutane sukan sayi abu da ninkin farashinsa da gangan, a matsayin ƙarin baiko. Da irin wannan kuɗin muka sauya rufin da yake yoyo a kan ajin makarantar Lahadi.

Abin da muka gyara shi ne, ana haɗa ƙananan kaya wuri guda a kwando, ta yadda ba wanda zai gane na wane ne, kuma mun zaɓi dattijo mai kamun baki ya riƙe lasifika. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, abin da ya sauƙaƙa mini lissafi, amma na lura yaran da suke tasowa yanzu ba sa ganin iyayensu sun ɗauki komai a hannu zuwa gaban bagade, wannan kuwa yana damuna.

Wani mai bishara daga ƙauye, wajen Ikara

Ku da kuke cikin gari kuna da zaɓi, mu kam a nan ba a ma fara wannan muhawara ba. Jama'ata manoma ne, iyayen yawancinsu Maguzawa ne, kuɗi ba ya zama a hannunsu sai ranar kasuwa, saboda haka abin da gona ta bayar shi suke kawowa. Ba zan ɓoye muku ba, tuwon gidana na shekara daga godiyar kaka yake fitowa, domin ɗan abin da ake ba ni a wata ba ya wuce kuɗin sabulu da na makarantar yara. Idan takin zamani ya yi tsada, masara ta ƙi, ni ma a tukunyata nake gani.

Muna yin tamu a makare, sai cikin Disamba, bayan an gama sussukar dawa, don ta haɗu da shirin Kirsimeti. Ana raba hatsin kashi uku: na gidan mai bishara, na gwauraye da marayu, da na baƙi, domin idan taron Zumuntar Mata ko na ƙungiyar bishara ta Sabon Rai ya faɗo a kanmu, mutane daga ƙauyuka da yawa sukan kwana a ajin firamare, kuma ba a sallamar baƙo da yunwa. Babbar matsalarmu ƙwari ne. Wata shekara muka buɗe buhunan wake a watan Maris muka tarar sun zama gari. Yanzu muna amfani da buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska, ana shanya waken ya bushe sarai kafin a ɗaure, a ɗora a kan katako, kuma ba a sa magani.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a tsari ba. A gida ɗaya za ka sami wa Kirista, ƙane Musulmi, gandu ɗaya suke nomawa. Idan an dafa shinkafar ranar godiya ana kai musu, kamar yadda suke kawo mana nama da Babbar Salla, shi ya sa muke kiran mahauci Musulmi ya yanka akuyar, don kowa ya ci da kwanciyar rai.

Wata matashiya daga Palladan

Iyayena, a ba mu aiki a ranar, ban da jera kujeru. Bara shugabar Zumuntar Mata ta raba mu biyu-biyu, ta ba kowane rukuni sunayen tsofaffin da ba sa iya zuwa sujada, muka kai musu doya da man gyaɗa a Keke Napep. Tsohuwar da muka je wa ta riƙe hannuna ta tambaye ni 'yar wace ce ni, ashe ita ce ta koyar da mahaifiyata a makarantar Lahadi. Tun daga ranar nake leƙa ta duk Asabar.

Magatakardan kwamiti, Tudun Wada

Na gode muku duka, na rubuta. Mama ta Wusasa, saura tambaya ɗaya: idan muka ware ɗakin ajiya, wa ya kamata ya riƙe mabuɗi, kuma wa zai tantance masu bukata?

Wata uwa daga Wusasa

Kada mabuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya, ɗana, ko da limami ne, domin ku tsare shi daga zargi. Ku sa kwaɗo biyu, ɗaya a hannun dattijo, ɗaya a hannun shugabar mata, a kuma rubuta kowane mudu da ya shiga da wanda ya fita. Zancen tantancewa kuwa ku bar wa matan Zumunta, gama su ne suke shiga har ɗakin girki idan sun je barka ko gaisuwar rashin lafiya, su ne suke ganin murhun da ya kwana biyu ba a hura ba. Sunayen su tsaya tsakanin mutum uku, kada a karanta su a taron ikilisiya. Ku ajiye mafi yawan hatsin har Yuli, amma ku fitar da kaɗan a makon Kirsimeti saboda gidajen da aka yi rashi a cikin shekarar.