Laifin wa ne a harbo jirgin MH17? Abin da na tsinta daga muhawararmu

Gardama ta yi zafi a majalisarmu kan jirgin Malesiya da aka kakkaɓo a gabashin Yukiren ranar 17 ga Yuli, 2014, mutum 298 suka rasu. Shayi har ya huce a kofi ba a sha ba.

Shawarar da ta fi shiga raina ita ce a raba wanda ya harba da wanda ya yi sakaci. Masu bincike sun gano makami mai linzami samfurin Buk ne ya kakkaɓo jirgin, daga rundunar sojan Rasha ta 53 da ke birnin Kursk. A 2022 kotun Holan ta yanke wa mutum uku ɗaurin rai da rai a bayan idonsu, ta sallami na huɗu. Rasha dai har yau tana musantawa.

Amma wani dattijo ya ce kar a wanke Yukiren tas. Ta rufe sararin samaniyar yankin ƙasa da ƙafa 32,000 kawai, jirgin kuwa yana ƙafa 33,000, alhali kwana uku kafin nan an harbo jirgin sojanta a yankin. Nan na ga gaskiyarsa.

Wani kuma ya roƙi a daina kafa hujja da hoton da ba a san asalinsa ba.