Shawarwari kan gyara filin shaƙatawa a cikin birnin Kano

A taron da muka yi kan gyaran filin, abin da muka fi daɗewa a kai shi ne inuwa. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, don haka dattawan suka ce kada a sare bishiya ko ɗaya, a ƙara dasa darbejiya da tsamiya. Na goyi bayansu ƙwarai. Kududdufin gefe kuma a yashe shi, a kewaye shi, kada a cike, domin shi ke shanye ruwan Agusta.

Mata sun nemi keɓantaccen wurin zama da banɗaki mai tsabta. Matasa filin ƙwallo suke so da fitilun sola.

Batun shaguna ya jawo gardama. Daga ƙarshe aka yarda da 'yan tebura a bakin ƙofa, ban da gini, kuma mai unguwa ya sa ido.