Zan raka Hajiya Umara, dala zan riƙe ko riyal?

Ɗan Kubwa:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Wata mai zuwa in Allah ya yarda zan raka mahaifiyata Umara kuma ni ban taɓa fita waje ba. Kuɗin guzuri na hannu amma a naira, to dala zan canza a nan Abuja ko riyal, ko katin ATM ɗina zai yi a can? Bana so tsohuwa ta ga abin da ranta ke so a kasuwa in tsaya ina kame-kame.

Mai shago a Wuse:
Wa alaikumus salam, Allah ya kai ku lafiya. Ɗan'uwa riƙi dala. Riyal a ɗaure take da dala, duk dala ɗaya riyal 3.75, shekara da shekaru haka take ba ta motsi. Ka je Zone 4 wajen 'yan canji amma kar ka biye wa masu tare mota a bakin titi, shiga ofis ka zauna a ƙirga a gabanka, kuma ka ce sabuwar 'yar ɗari mai shuɗin zare kake so. Ni an taɓa cusa min tsoffi masu ƙaramin kai guda uku ban lura ba, a Madina mai canji ya ɗaga ɗaya ya duba ya turo min abina ta ƙasan gilashi ko magana bai yi ba, wallahi ranar raina ya ɓaci sosai.

Hajiya daga Gwarinpa:
Ɗana Allah ya yi maka albarka da wannan hidima. Duk da haka ka nemi riyal ko 300 ce tun a nan, saboda kuna sauka akwai layin waya da tasi da ɗan abin taɓawa. Kuma ka raba kuɗin gida biyu, kar ka shiga ɗawafi da su duka a jikinka, cunkoson ba wasa ba ne.

Ma'aikacin banki:
Maganar kati, a 2022 bankuna da yawa sun rufe amfani da katin naira a waje, a 2025 wasu sun buɗe amma da iyaka, sai ka je reshenku ka ji naka. In kana da asusun dala katinsa ya fi. Idan na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi riyal. Kuma tsabar da ta haura dala 10,000 sai ka bayyana wa kwastam a filin jirgi.

Ɗan Kubwa:
Na gode ƙwarai, Mama amin. Namu bai kai ko kusa da haka ba. Gobe da safe zan fara da banki kafin Zone 4.